Raddi Ga Masu Jingina Kalmar "Hänseln" Ga Sunan Hans

A Jamusanci, hänseln na nufin zolaya ko yi wa mutum ba'a. Wasu na cewa daga sunan Hans ta fito, wai ma'anarta mayar da mutum Hans, wato wawa. Har suna kafa hujja da tatsuniyar Hänsel da Gretel. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba, ga dalilai.

Na farko, tatsuniyar ba ta isa hujja ba. 'Yan'uwan nan biyu, Grimm, sun buga ta a 1812, alhali tun ƙarni na 17 ake amfani da hänseln. Kuma babu mai zolayar Hänsel a labarin. Mayya ce ke son cinye shi.

Na biyu, tushen kalmar ya girmi sunan. Hans gajarcewar Johannes ne, wato Yahaya. Hansa kuwa, wadda ita ce tushen hänseln, tana cikin fassarar Baibul da Wulfila ya yi zuwa harshen Gotawa a ƙarni na 4, da ma'anar rundunar soja. Daga baya ta koma ƙungiyar fatake, har ta zama sunan ƙawancen biranen kasuwanci da Lübeck ta jagoranta.

Na uku, tsohuwar ma'anar aikatau ɗin ba ta shafi wauta ba. Hansen, tsohuwar sigarsa, shi ne shigar da sabon mutum cikin ƙungiya, kuma ba a shiga a banza. A da, a ofishin fataken Jamus da ke Bergen ta ƙasar Nowe, akan rataye yaro mai koyon fatauci a cikin hayaƙi, a tsoma shi a teku, a yi masa bulala. A garin Sankt Goar na bakin kogin Rayin, akan sa wa baƙo ƙarfe a wuya, ya zaɓa: ko a kwarara masa ruwa, ko ya saya wa jama'a giya. Daga wannan cin fuska ma'anar zolaya ta tsiro.

Na huɗu, masu wannan ra'ayi suna kawo Hanswurst da Prahlhans, inda Hans ke nufin wawa ko mai cika baki. Gaskiya ne, kuma kamannin sautin ya taimaka wajen karkatar da ma'anar zuwa ba'a. Sai dai maƙwabci daban, mahaifi daban.

Saboda haka asalin hänseln daga Hansa yake. Rawar da sunan Hans ya taka ba ta wuce ta tasiri daga baya ba.