Digiri a Jaka, Sukundireba Ta Gagare Mu

Mu da muka yi shekara huɗu muna karatun kimiyyar kwamfuta, akwai wata kunya da ba ma so a taɓo. Ranar da laftof ɗin ɗayanmu ta ƙi tashi, ko murfin bayanta ba ya iya kwancewa. Sai ya saka ta a jaka, ya tari keke daga Tudun Jukun zuwa PZ, ya miƙa wa yaron da bai gama sakandare ba, ya zauna a benci yana jira. In an gyara ya biya, ya dawo gida yana yi wa yaron kallon mai facin taya. A tsakanin su biyun nan, waye ya san kwamfuta?

Abin da muke kira a kai mai sauƙi ne: duk wanda ke cin abinci da kwamfuta a garin nan ya haɗa guda ɗaya da hannunsa, ko sau ɗaya a rayuwa. Kayan suna nan jibge a shagunan masu gyara. Wannan ta mutu saboda bod ya ƙone, amma gilashinta lafiya lau. Waccan gilashin ya fashe, amma RAM da kibod ɗinta ba abin da ya same su. Gawa uku kan ba da mai rai ɗaya. Gilashin da ya yi saura, in aka samo masa ɗan bod mai sarrafa shi, sai ya karɓi hoto daga Raspberry Pi, kwamfutar nan mai girman katin ATM da aka fara sayarwa a Ingila a 2012 kan dala 35. A ƙara batir, kafinta ya yi mata gida, an samu abin ɗauka a hannu.

Mun san abin da za a ce, don mun sha ji a majalisa. Za a ce ɓata lokaci ne, tsohuwar ThinkPad ta hannu ta fi araha kuma ta fi ƙarfi. Gaskiya ne, sau da yawa ta fi. Amma mai wannan magana ya manta da 2023. Da aka saki naira a watan Yunin shekarar, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗalibai nawa muka gani sun koma rubuta manhaja a waya saboda laftof ta mutu kuma kuɗin wata ya gagara? Wanda ya iya canza SSD da gilashi, matsalarsa ta sashe ɗaya ce. Wanda bai iya ba, sai ya nemi kuɗin kwamfuta sukutum.

Kamfanonin kuwa sun gane mu. Siraran laftof da muke alfahari da su a wurin taro, da yawa an like RAM ɗinsu a jikin bod da dalma, an manne batir da gam, yadda in abu ɗaya ya lalace sai a jefar da duka. Mutanen da ke ƙera su ma sun fara ƙorafi. Faransa ta tilasta a riƙa nuna makin sauƙin gyaran laftof da waya a wurin sayar da su a 2021. A shekarar ce kamfanin Framework na Amurka ya fito da laftof da mai ita ke haɗawa da sukundireba ɗaya. Masu kuɗi na neman a bar su su yi gyara, mu da ake tura wa ragowar kayansu muna jin kunyar gyaran.

Sai ɗaya ɓangaren, masu tafi. Duk bayan 'yan watanni sai a yaɗa bidiyo a Facebook: wani yaro ya “ƙera” kwamfuta. A duba, tsohon bod ne a cikin kwali. A kira shi gwarzo, wani ɗan siyasa ya ɗauki hoto da shi, bayan mako biyu a manta da shi. Wannan cuta ce ga yaron. Ba wanda ke ƙera furosesa a Zariya, ko a Najeriya baki ɗaya. Haɗawa ya yi, kuma haɗawa ba abin raini ba ce. Abin da yake buƙata shi ne wanda zai nuna masa yadda ake auna wuta da mita, da dalilin da ya sa ba a jera batiran 18650 na tsofaffin laftof ba tare da bod mai kare su ba, don lithiyom in ya kama da wuta, ɗaki yake ci. Mu ne ya kamata mu koya masa, mu kuma ba mu sani ba.

Mun ga ƙarshen jiran kyauta. A 2007 aka raba wa yaran firamaren Galadima da ke Abuja korayen laftof na shirin One Laptop per Child, duniya ta yi ta yayatawa. Yau ina labarinsu? Kasuwar Panteka ta Kaduna kuwa, da ba wanda ya kawo ta daga waje, har gobe tana fitar da masu haɗa inji daga tsohon ƙarfe. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasar garin nan ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau, kuma sana'ar ta daɗe a zuri'arsa domin yaro na tsaye kusa da magini yana miƙa tubali.

Saboda haka mu sauke girman kai. Wanda ya iya rubuta manhaja ya je ya zauna a bencin mai gyara ranar Asabar, ya koyi riƙe ƙarfen dalma, shi kuma ya koya masa ɗora Linux a kan abin da suka haɗa. Malaman da ke duba aikin ƙarshe na ɗalibai su karɓi kwamfutar da ɗalibi ya haɗa ya kuma bayyana kowace waya a cikinta, maimakon manhajar rajistar asibiti da ake ta kwafa shekara da shekaru. Matattun laftof da muka ɓoye a ƙarƙashin gado kuwa, mu fito da su. Ƙannenmu na unguwa suna buƙatar abin da za su kwance ba tare da tsoron a dake su ba.