Launi Kaɗai Bai Isa Ba

Masu iya magana sun ce, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai ba kowane ido ne ke rarrabe ja da kore ba. Tun 1794 Baturen Ingila John Dalton ya bayyana wannan lalura, wadda ta fi kama maza. Amma har yau wasu shafukan intanet da ja kaɗai suke nuna kuskure, sai ɗalibi mai cike takardar neman shiga jami'a ya rasa inda ya yi kure. Ƙa'idojin ƙungiyar W3C na 2008 sun hana dogaro da launi kawai. Lalle ne a haɗa launi da kalma, rubutu kuma ya fito sarai, don kada tsarin shafi ya tauye wa ɗalibi haƙƙinsa.