Ƙwan Fitilar Mota: Mu Koyi Canza Shi da Hannunmu, Amma Bisa Ƙa'ida

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu motoci da direbobi a kan wani ƙaramin abu da muka raina, alhali yana cikin abubuwan da ke jawo asarar rayuka a hanyoyinmu, wato ƙwan fitilar gaban mota.

Duk wanda dare ya taɓa yi masa a hanyar Zariya zuwa Kano, ko Funtuwa zuwa Gusau, ya san motoci iri biyu da ke tayar wa direba hankali. Akwai mai ido ɗaya, wadda za ka hango daga nesa ka ɗauka babur ne, ka bar mata fili daidai na babur, sai ta ƙaraso ka ga ashe bas ce cike da fasinja, rabin jikinta a hannunka. Akwai kuma mai farin haske fat, wadda ko direbanta ya sa dim sai ta kashe maka ido, ka yi daƙiƙa biyu ko uku kana tuƙi ba ka ganin komai. A cikin waɗannan daƙiƙoƙin ne ake afka wa tirelar da ta lalace a gefen titi ba alama sai 'yan ganyaye, ko amalanke, ko mai keke. Asalin matsalolin nan biyu ɗaya ne. Ƙwai ne ya mutu. Mutum na farko ya ce sai ya samu sarari zai kai wa mai rewaya, har aka yi wata biyu. Na biyu kuwa ya miƙa motar ya ce a sa masa "mai haske sosai", aka sa masa abin da bai dace da fitilarsa ba.

Ra'ayina shi ne, duk mai mota, namiji ko mace, ya kamata ya iya canza ƙwan fitilarsa da kansa, ya kuma riƙa ajiye na safaya a mota kamar yadda yake ajiye taya. Ba don in hana masu rewaya cin abinci nake faɗin haka ba, aikinsu yana nan birjik. Dalilina shi ne ƙwai ba ya mutuwa a ƙofar gareji. Yakan mutu ne da magariba a tsakiyar hanya, inda babu kowa sai kai da fasinjojinka ko iyalinka. A galibin motocin da muke hawa, aikin bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba, kuma sau da yawa ko sifana ba a bukata.

Abu na farko shi ne sanin lambar ƙwan motarka, domin ƙwai ba iri ɗaya ba ne. Lambar tana rubuce a gindin tsohon ƙwan, tana kuma cikin littafin mota ga wanda nasa bai ɓace ba. Bas ɗin Hiace da yawancin Golf 3 da ake haya da su suna amfani da H4, mai ƙafa uku, wanda dim da ful duk suna cikin ƙwai ɗaya, wat 55 da wat 60. Motocin Turai na baya-bayan nan da yawa H7 suke ɗauka, mai ƙafa biyu. Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008 tana da 9006 a dim, 9005 a ful, haka ma Honda Accord ta 2003 zuwa 2007. Camry ta 2007 zuwa 2011 kuwa H11 ce a dim. Shawarata ita ce mutum ya cire tsohon ya tafi da shi kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ya ajiye shi gefen sabon ya kwatanta. 9005 da 9006 suna kama ƙwarai, har wasu kan fere kunnen ɗaya da reza don ya shiga gurbin ɗaya. Wannan ɓarna ce, domin an ƙera na ful ne ya watsa haske nesa, ba a rufe kansa ba yadda aka rufe na dim.

Yadda ake yi kuwa, a kashe mota, a kashe fitila, a zare mabuɗi, a bari ƙwan ya huce, domin zafinsa yana iya sale fatar yatsa. A buɗe bonet, a leƙa bayan fitilar. Idan irin 9005, 9006 ko H11 ne, a murɗa shi hagu kaɗan, zai fito da soket ɗinsa, sannan a danna 'yar maƙalar a raba su. Idan H4 ne ko H7, sai an fara zare soket, a cire murfin roba, sannan a kwance wata siririyar wayar ƙarfe da ke danne da ƙwan. A nan ne ake bukatar natsuwa. Kafin ka zare tsohon, duba yadda ya zauna, ko ka ɗauki hotonsa da waya. Kunnuwan da ke gindin ƙwan an yi su ne yadda fuska ɗaya tak zai zauna daidai. Idan ka ji yana lilo, ko sai ka yi dambe kafin wayar ƙarfen ta kama, to bai zauna ba, ka cire ka sake. Ƙwan da ya karkace zai kama wuta lafiya lau, amma haskensa zai tafi sama ko gefe, kai ba ka ga hanya ba, na gabanka kuma ka makantar da shi.

Kada a taɓa gilashin sabon ƙwai da yatsa. Na sha ganin yaran shago suna zaro shi daga kwali su riƙe gilashin suna nuna wa mai saye, abin yana ba ni takaici. Maiƙon hannu yana manne wa gilashin, idan ƙwan ya ɗau zafi sai wurin ya fi ko'ina zafi, gilashin ya yi rauni, ƙwan da ya kamata ya yi ɗaruruwan awoyi ya mutu da wuri, wani ma ya fashe a cikin fitila. A riƙe shi ta gindi, ko da tsumma mai tsabta. In an taɓa bisa kuskure, a goge da ɗan sifirit a bari ya bushe. Murfin robar nan kuma a mayar da shi yadda yake. Da yawa sukan yar da shi don ya cika wahalar mayarwa, sai ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga, madubin cikin fitilar ya dushe, kuma babu ƙwan da zai gyara wannan. Idan ƙwai ɗaya ya mutu, ya fi kyau a canza duka biyun, tunda tare suka tsufa, sai a ajiye mai sauran ran a matsayin safaya.

Inda na fi so a saurare ni shi ne batun neman ƙarin haske. Na san dalilin da ya sa direbobi ke nemansa. Hanyoyinmu ba fitilu, ga ramuka, ga dabbobi, ga fargabar ɓata-gari, kowa yana son ya hango nesa. Amma hanyoyi biyun da aka fi bi duk suna da illa. Ta farko ita ce sa ƙwai mai wat 100 a gurbin mai wat 55. Lissafin a bayyane yake: a wutar mota mai bolt 12, ƙwai mai wat 55 yana jan ƙasa da amfiya 5, mai wat 100 kuwa sama da 8 yake ja. Wayoyin da soket ɗin ba a yi su don wannan nauyin ba. Sai soket ya narke, fiyus ya riƙa ƙonewa, daga nan a ɗaura masa zaren waya a madadin fiyus, wanda shi ne mafarin gobarar mota da yawa.

Ta biyu ita ce ƙwan LED na araha da ya cika kasuwa. Fitilar da aka ƙera don ƙwan halojin, wato irin waɗanda na ambata a sama, an lanƙwasa madubinta ne daidai da ɗan siririn zaren da ke ci a tsakiyar ƙwan, a wani wuri takamaimai. Idan aka sa abin da haskensa ke fitowa daga wani wuri daban, ko mai fuska huɗu da ke feso haske ko'ina, madubin ba zai iya tattara shi ya kwantar da shi a titi ba. Mai motar zai ga gabansa ya yi fari tas ya ji daɗi, amma wannan hasken kusa ne, yana ma rage masa ganin nesa, ragowar kuma yana cikin idon mai tahowa. A lokacin hazo ko ruwan sama abin ya fi muni, don hasken da ya tashi sama dawo maka yake yi. Motar da kamfani ya ƙera da fitilar LED tun asali daban ce, ita an tsara komai nata tare. Araha ba ta ado, a nemi ƙwan halojin na kirki irin su Osram ko Philips a wurin ɗan kasuwar da aka yarda da shi, domin jabunsu ma suna yawo.

Sau da yawa ma ba ƙwan ne ke da laifin rashin haske ba. Gilashin fitilun yanzu roba ne, rana tana ƙona shi ya koma rawaya ya dushe. A wanke shi a goge da man goge fitila, za a sha mamakin bambancin. Wani lokaci kuma wayar as ce ta yi tsatsa. Idan aka sa sabon ƙwai bai kama ba, a duba fiyus kafin a zargi mai shago. Idan kuwa ƙwai yana yawan mutuwa, to a kai wa mai rewaya ya auna cajin altaneta. Daidai shi ne wajen bolt 14 in inji na aiki. In ya haura 15, zai yi ta cinye ƙwai, ya kuma dafa batir.

Bayan an canza, saura saiti, kuma shi ne abin da kusan kowa ke tsallakewa. Da daddare a samu fili shimfiɗaɗɗe ba gangara, a tsayar da mota tana fuskantar bango, tazarar mita 10. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bangon daidai wannan tsayin. In an kunna dim, iyakar hasken ta sama ya kamata ta sauka ƙasa da alamar da kimanin santimita 10. Motocin Turai ma sukan rubuta wannan a jikin fitilar, za ka ga 1.0% ko 1.2%. Akwai sukurori a bayan fitila na ɗagawa da saukewa. Direbobin Golf da Sharon da ke danƙara buhuna a but su lura: in bayan mota ya zauna, hancinta ɗagawa yake yi, dim ya koma ful. Yawancin waɗannan motoci suna da wani ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, mai lamba 0 zuwa 3, an yi shi ne musamman don a sunkuyar da fitila in an yi lodi. Direbobi da yawa sun shekara da mota ba wanda ya taɓa nuna musu amfaninsa.

Akwai kuma motocin da aka shigo da su daga Ingila ko Japan aka juya musu sitiyari. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka fitilar da ta dace da mu ita ce mai ɗaga haske ta gefen dama, wajen bakin titi, ta kwantar da shi ta hagu inda mai tahowa yake. Fitilar waɗancan ƙasashe akasin haka take. In an juya sitiyari ba a canza fitila ba, duk ƙwan da aka sa, cikin idon mutane zai haska.

Ba kowace mota ce zan ce mutum ya taɓa ba. In ka ga an rubuta D1S, D2S ko D4S, ko alamar gargaɗin wuta a bayan fitilar, wannan ƙwan zenon ne, kuma na'urar da ke tayar da shi tana harba wuta sama da bolt 20,000. A bar wa masu sana'ar. Haka motar da sai an sauke bamba kafin a kai ga ƙwan.

Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda tun 1988 take wannan aiki, da jami'an duba lafiyar motoci, su sa wannan darasi a makarantun koyon tuƙi, kuma in sun tsayar da mota da yamma su duba inda fitilarta ke haskawa, ba kamawarta kaɗai ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW kuma, ku ne kuka fi kowa iko a tasha. Bango ɗaya da layin fenti ɗaya sun isa a gwada kowace motar da za ta yi lodin dare, a kuma tambayi direba ya nuna ƙwan safayarsa kafin a ba shi fasinja.

Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, amin.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Sabon Gari, Zariya.