Hutun Sallar da Aka Yi wa Ƙari

A watan Yulin 2016, azumi na dab da ƙarewa, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar da cewa Talata 5 da Laraba 6 ga wata su ne ranakun hutun ƙaramar Sallah. Ranar Litinin da magariba aka fita duban wata, bai tsaya ba. Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya ce a cika talatin, Idi sai Laraba. Ma'aikata suka wuni Talata a gida da azumi a baki, bankuna da kotuna a garƙame, ba Sallah ba aiki. Da aka ga kwana ɗaya kacal zai rage wa bikin, sai ministan lokacin, Janar Abdulrahman Dambazau, ya ƙara Alhamis. Hutun kwana biyu ya koma uku.

A Afrilun 2024 aka sake kwatawa, har ranakun makon ba su canza ba: an ba da Talata 9 da Laraba 10, wata ya ƙi tsayawa ranar Litinin, minista Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙara Alhamis 11. Wannan karon ma uzurin ya fi rauni. A ranar Litinin ɗin nan, 8 ga Afrilu, aka yi husufin rana a Meziko da Amurka da Kanada, kuma husufin rana ba ya faruwa sai lokacin da wata ya ratsa tsakanin rana da duniya, wato kafin jinjirin wata ya fito. Sa'ad da hakan ke faruwa, rana ta riga ta faɗi a Najeriya. Masana taurari sun san da wannan tun shekaru da dama. Ba wanda zai ga wata a daren, amma aka rufe ƙasa ranar Talata.

Dokar ranakun hutu, wadda ta samo asali daga 1979, ta kasa su gida biyu. Akwai waɗanda kwanan watansu ke rubuce, irin su sabuwar shekara, 1 ga Oktoba da Kirsimeti. Akwai kuma Sallah ƙarama da babba da Mauludi, waɗanda aka bar wa minista ya ayyana. Na farkon ma siyasa ce ta gina wasunsu. Hutun ranar ma'aikata gwamnatin Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP ce ta fara ba da shi a Kano a 1980, tarayya ta biyo baya a 1981. Ranar dimokuraɗiyya ta yi shekara da shekaru a 29 ga Mayu, kafin Shugaba Buhari ya sanar a 2018 cewa ta koma 12 ga Yuni don tunawa da zaɓen 1993. Waɗannan, ko ana so ko ba a so, kowa ya san ranarsu tun Janairu.

Kaso na biyun ne ke kawo ruɗani, kuma ni dai ban ga laifin wata ba. Watan Musulunci ko 29 ne ko 30, ba na uku. Ganin wata da sanar da Idi aikin Sarkin Musulmi ne da kwamitinsa, babu mai neman a taɓa shi. Rufe ofis kuwa aikin gwamnati ne, ba ibada ba ne, kuma ba abin da ya hana ta tambayi masu hisabi kafin ta sa hannu a takarda. Ba abin da ya hana ta fito da jadawalin shekara tun farkonta, ta rubuta sharaɗi a fili: in wata ya tsaya daren kaza, hutu kaza da kaza, in bai tsaya ba, a fito aiki washegari, hutu ya matsa gaba da kwana ɗaya.

Ma'aikacin gwamnati ba ya kuka da ƙarin kwana, albashinsa na nan. Masu kukan su ne wanda shari'arsa ta faɗo ranar Alhamis aka ɗage ta zuwa wani watan, da mara lafiyar da ya taso daga ƙauye don ganin likita ya tarar da sashen a rufe, da ɗan kasuwar da kayansa ke jiran sa hannun wani ofis. Ga mai abinci a bakin sakatariya, wadda cinikinta na ranar shi ne cefanen gidanta, ba wanda zai biya ta kwanan da minista ya ƙara.