Kafin jirgin babban baƙo ya sauka a Daura, wa ke faɗa wa matuƙi halin da ƙasa take ciki?

Duk wanda ya zauna a Daura tsakanin 2015 da 2023 ya san ƙarar nan. Idan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari zai zo hutun Sallah, babban jirginsa kan sauka a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, sannan jirgi mai saukar ungulu ya ƙarasa da shi gida, tafiyar kusan kilomita 80. Yara su ruga, manya su ɗaga kai. Abin da ba mu gani shi ne mutanen da suka riga jirgin isowa: masu duba filin, masu kallon iska, masu magana da matuƙi ta rediyo. Shugaban ƙasa ne, dole a yi masa wannan hidima.

Wancan zamani ya wuce, amma jiragen ba su daina zuwa ba. Gwamnoni da ministoci da 'yan takara za su ci gaba da sauka a masarautar nan, kuma da zarar kakar siyasa ta kankama, ba a filin da aka tanada kaɗai za su sauka ba. Filin ƙwallo ne, filin makaranta ne, wani fegi ne a Baure ko Zango ko Sandamu ko Mai'aduwa. Ra'ayina shi ne, bayanin da matuƙi ke buƙata kafin ya sauka bai kamata ya dogara da girman wanda ya ɗauko ba.

A tuna abin da ya faru a Kabba ta jihar Kogi ranar 2 ga Fabrairun 2019. Jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya zo sauka a filin wasa, sai ya kife a gefensa. Allah ya kiyaye, duk waɗanda ke ciki suka fita da rai. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta danganta lamarin da ƙurar da farfelar jirgin ta tayar, wadda ta rufe wa matuƙan gani a daidai lokacin da suke dab da taɓa ƙasa.

Yadda abin yake shi ne, farfela tana tura iska ƙasa da ƙarfi. Idan filin busasshe ne, rairayi da ƙura su tashi su lulluɓe jirgin cikin daƙiƙa kaɗan. Matuƙi yana saukowa ne da ido, yana auna kansa da wata bishiya ko katanga ko layin da ke ƙasa. Da zarar waɗannan sun ɓace, jirgin na iya zamewa gefe ba tare da ya ji ba, taya ɗaya ta kama ƙasa, shi ke nan sai ya wuntsila. Kabba ke nan, inda ƙasa ta fi tamu danshi. Ina ga Daura a watan Fabrairu, inda ko akuya ta ruga sai ta ta da ƙura?

Ga kuma hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma mu da ke bakin iyakar Nijar muna cikin na farko da take riska. Akwai ranakun da nisan gani ke faɗuwa ƙasa da mita 1,000, har a soke tashin jirage a Kano. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da gargaɗi, manyan filaye kuma suna da ma'aikata da na'urorin awo. Sai dai awon da aka yi a Katsina labarin Katsina ne. A lokacin bazara zafi kan haura digiri 40, iska ta yi sako-sako, jirgi ya rasa wani ɓangare na ƙarfin ɗaukar nauyi. Da damina kuwa kowane manomi ya san iskar da ke rigan hadarin gabas isowa, mai kwashe rufin kwano.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware irin wannan matsala a wuraren da suka fi namu ƙanƙanta. A gaɓar tekun Kanada akwai ƙananan garuruwan masunta da jirage masu sauka a kan ruwa ke kai wa wasiƙu da fasinja. Da yawansu babu hasumiyar kula da jirage, amma akwai kundi na musamman da ake bugawa don matuƙa, mai ɗauke da bayanin kowace mashiga: inda ake sauka, abubuwan da za a kiyaya, da lambar rediyon da za a yi magana a kai. Matuƙin da bai taɓa zuwa wurin ba yana iya karantawa kafin ya tashi. Su igiyar ruwa da kwale-kwale ne damuwarsu, mu ƙura da turakun sadarwa da wayoyin lantarki.

Abin da nake kira a yi ba gina sabon filin jirgi ba ne. Gwamnatin jihar Katsina, tare da hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin jiragen sama da hukumar NAMA mai kula da sararin samaniya, su ware wuri guda a kowace ƙaramar hukuma ta masarautar, a auna shi, a rubuta abin da ke kewaye da shi, a ba kamfanonin jirage. A kafa sanda da jakar yadin nan mai nuna inda iska ta dosa. Ranar da za a sauka, motar ruwa ta jiƙa filin, a tsince leda da kwalaye, a sa mutum ɗaya da ya samu horo ya riƙe rediyo. Kuɗin wannan duka bai kai na rumfuna da kujerun taron siyasa guda ba.

Za a ce matuƙi ƙwararre ne, shi ke da hurumin cewa ba zai sauka ba. Haka dokar take. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: mai girma na zaune a baya, jama'a sun cika fili tun hantsi, maroƙa sun fara kirari. Matuƙin da ke son aikinsa zai ji nauyin juyawa. Idan kuwa daga ƙasa aka ce masa gani bai kai ba, ko filin bai jiƙu ba, an sauke masa rabin wannan nauyi.

Sauran rabin yana wuyanmu. Na sha ganin yadda matasa ke kutsawa da waya a hannu suna ɗaukar bidiyo tun farfela ba ta tsaya ba, wasu ma ta bayan jirgin, inda ƙaramar farfelar wutsiya ke juyawa ba a ko ganinta sosai. Nan ne hakimai da dagatai da 'yan agaji za su yi amfani, domin su ne jama'a ke jin maganarsu. A ja igiya nesa da filin tun da safe, a kuma sanar a masallatai cewa kada kowa ya tsallaka sai injin ya mutu.