Bakan Da Ke Ɗauke Da Rufin Majami'a

Duk wanda ya shiga tsofaffin majami'un Turai, abin da zai fara ɗauke masa hankali shi ne rufin dutse can sama, ba azara, amma ya yi shekaru ɗaruruwa bai faɗo ba. Asirin abin kuwa shi ne baka. Kowane dutse yana danne da ɗan'uwansa, sai nauyin ya gangaro gefe da gefe. To, amma nauyin nan yana tura bango waje, nan fa maginan suka sha fama.

Da fari sun bi tsarin Romawa, baka mai siffar rabin da'ira. Wannan sai da bango mai kauri da 'yan ƙananan tagogi, shi ya sa cikin ginin yake da duhu. Daga baya suka koma baka mai tsini, wanda ke sauke nauyi ƙasa fiye da yadda yake tura shi gefe. A majami'ar Durham ta Ingila, wadda aka soma a 1093, an gicciya bakuna kamar haƙarƙari, suka ɗauki rufin. A Faransa kuma suka riƙa tokare bango daga waje, har ya zama rabinsa duk gilashi ne, haske ya shigo.

Amma zuru ta kan jawo asara, haka ma wuce gona da iri. Mutanen Beauvais sun kai rufinsu mita 48, sai wani sashe ya rufto a 1284.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaura bakan gizo da azara da ƙasa a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, kuma da irin wannan gini na gargajiya aka tayar da majami'ar Wusasa wajen 1929.

Da gobara ta cinye saman Notre-Dame ta Faris a 2019, an sake buɗe ta a Disambar 2024, domin akwai masu sassaƙar dutse da kafintocin da suka gaji aikin. Idan bakan gizon fadar wani sarki ya tsage gobe, magina nawa suka rage da za su iya ɗaure shi? Ya kamata hukuma da sarakunan magina su sa yara koyo tun dattawan suna raye.