Me Ya Sa Gogen Turawa Ke Rasa Daɗinsa A Lasifikar Gida?



Da yawanmu mun san kiɗan okestira ko da ba mu san sunansa ba. Shi ne kiɗan nan mai ratsa jiki da ke tashi a fim idan jarumi zai mutu ko masoya za su rabu. Amma in muka kunna shi a gida, ganga da murya sukan fito tangaran, su kuwa kayan tsirkiya sai su yi tsini a kunne kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Daga nan wasunmu su ce kiɗan ne ba daɗi, wasu su fara tara kuɗin sayen lasifika mai ƙara. Kafin mu kashe kuɗin, ya kamata mu san inda gizo ke saƙa.

A babbar okestira, masu kayan tsirkiya sukan kai 60. Kimanin 30 suna riƙe da biyolin, wato gogen Turawa, sauran kuma biyola da celo da babban bas mai tsayin mutum. Aikinsu ɗaya da na gogenmu: izgar doki ake shafa wa ƙaro, a goga ta a kan tsirkiya, tana kamawa tana saki. Idan tsirkiya ta girgiza sau 440 a sakan ɗaya, ba wannan sautin kaɗai take fitarwa ba. Akwai wasu sirara da ke hawa kansa, na 880, na 1,320, har sama sosai. Su ne ke bambanta muryar goge da ta sarewa, kuma su ne suka fi saurin lalacewa a hanya.

Matsala ta farko ita ce yawan makaɗan. Mutum 16 za su ja sauti ɗaya tare, amma ba za su taɓa yin daidai ɗari bisa ɗari ba. Wannan ɗan saɓani shi ke sa kiɗan ya yi taushi kamar auduga. To, faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana ɗaukar kilobit 1,411 a kowane sakan, alhali MP3 ɗin da muka saba tura wa juna sau da yawa 128 ne kawai. Don a matse shi haka, dole a zubar da wasu ƙananan sautuka, kuma taushin nan yana cikin abin da ke tafiya.

Ta biyu ita ce zaure. Mashahurin zauren Musikverein na birnin Biyana, wanda aka buɗe a 1870, yana riƙe sauti kusan sakan biyu kafin ya ɓace. Mai sauraro yana jin kiɗan daga gaba, daga gefe, daga sama. Mu kuwa a ɗaki, akwatuna biyu ne ke ƙoƙarin yin aikin mutum 60 da zaurensu, ga bangon siminti da tayil suna dawo da siraran sautuka da kaifi.

Ta uku ita ce lasifikar kanta. Yawanci tana da baki biyu, babba na sauti mai kauri, ƙarami na siriri. Inda suke miƙa wa juna aiki yakan faɗa tsakanin girgiza 2,000 zuwa 3,000, daidai wurin da kunnen ɗan Adam ya fi kaifin ji. Kuskure kaɗan a nan, sai biyolin ya koma ihu. A ɗaya ɓangaren, tsirkiyar bas mafi kauri tana girgiza sau 41 kacal a sakan, abin da ƙaramar lasifikar waya ba za ta iya fitarwa ba ko da an ƙure ta.

Ƙure ƙarar ma haɗari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sauraronmu ya wuce awa 40 a mako a kan ƙarfin desibel 80, kuma da zarar ƙara ta ƙaru, lokacin yana raguwa ƙwarai. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Mene ne abin yi? Mu nemi kiɗan da ba a matse shi sosai ba. Mu janye lasifika daga kusurwa, mu ɗaga ta daidai kunne, mu zauna a tsakiya yadda nisanmu da kowace zai yi daidai da nisan da ke tsakaninsu. Mu shimfiɗa darduma, mu saki labule. Ba ko sisi a yawancin wannan, amma za mu ji bambanci.

Sannan duk ranar da muka sami mai goge yana kiɗa ba tare da lasifika ba, mu tsaya mu kasa kunne. Wanda ya san ainihin muryar tsirkiya, mai shago ba zai ruɗe shi da ƙara ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.